Kujerar Kawu Trifon

Plovdiv, 11 ga Oktoba, 1993

Bilyana 'yata,

Ina gaishe ki, Innarki Nevena ma tana gaishe ki, ke da mijinki Duarte. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar Nevena da ke tashi duk sanda hadari ya haɗo. Mahaifiyarki ta zo daga ƙauye ranar Asabar da buhu biyu na tattasai, suka wuni suna gashi a baranda. Har yau labulen gidan ƙaurin tattasai yake yi. Ta ce an ware miki kwalba shida, ko da yake ba wanda ya san yadda za su isa Porto.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga takardun kiɗa, shafi talatin da huɗu. Kiɗan nan ne da kika sani, na obo, algaitar nan tamu, da masu goge, wanda na fara tun kina ajina kina cizon harshen karan da ake sa wa obo a baki kamar rake. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ranar Talata na gama shi. Na kai wa jagoran ƙungiyarmu ta makaɗa, ya duba, ya tura tabarau goshi ya ce, "Trifon, na ɗauka da shi za a binne ka." Na ce masa niyyata ke nan, Nevena ce ta hana, tana son a sakar mata teburin cin abinci. Ya sa shi a wasan rufe shekara, 27 ga Mayu.

Ki busa shi ki gaya min gaskiya. Ba yabo nake nema ba. Masu yabo suna da yawa a nan, kuma ba wanda ya san obo a cikinsu.

Sai magana ta biyu. Kujerar obo za ta zama ba kowa a ƙarshen shekarar nan, za a yi gwajin ɗaukan sabon mabushi a watan Yuni. Na san halin da ƙasar ke ciki, na san ana ɗauke wuta a tsakiyar gwaji mu zauna cikin duhu da riguna masu kauri. Amma shekara uku ke nan da tafiyarki. Ki yi tunani.

In kin samu kara mai kyau na yin harshen obo, ki aiko min. Wanda ake kawo mana yanzu sai dai a yi shingen kaji da shi.

Kawunki,
Trifon

Porto, 7 ga Nuwamba, 1993

Kawu,

Takardarka ta iso, na gode. Ina fata kana lafiya, gwiwar Inna kuma ta yi sauƙi. Mu ma lafiya. Ruwa ake yi tun farkon wata ba tsayawa, bangon ɗakinmu har ya fara baƙi. Duarte yana gaishe ku. Yana koyon yarenmu, zuwa yanzu ya iya "na gode" da "na ƙoshi, don Allah kada a ƙara". Ya ce waɗannan biyun sun ishe shi zama a teburin Mama.

Na busa kiɗan, sau da yawa. Ranar farko ina cikin kashi na biyu, mai tafiya a hankali, Duarte ya fito daga kicin da albasa a hannu ya ce, "Wa ya rasu?" Na ce ba wanda ya rasu, Kawu ne ya gama kiɗansa. Ya tsaya har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Mutumin nan da ba ya murmushi a hoto, ashe nan yake ɓoye komai." Ni ma abin da zan ce ke nan. Gyara ɗaya na gani: a shafi na 19 ka tara goge da yawa a kan obo lokacin da take ƙasa, za su danne ta.

Yanzu maganar kujera. Na san Baba Spas ya tsufa, na san wata rana zai bar kujera ta biyu. Amma Kawu, a nan ni ce obo ta farko. Ni nake ba da sautin La kafin a fara, mutum saba'in ke jiran sautina su daidaita kayansu a kansa. Ina da ɗalibai tara. Kana so in bar wannan duka in dawo in zauna a hagunka, ina jin kana jan numfashi ta hanci duk sanda na yi abin da bai yi maka ba? Na zauna a wurin wata shida lokacin da Baba Spas ya karye a hannu, kuma ban manta ba. Kullum sai na yi amai kafin gwaji.

Shekara uku ina aiko maka takardun shirin wasanninmu, da sunana a ciki. Ba ka taɓa cewa ka gani ba. Yau da ka tuna da ni, 'yar rakiya ka tuna. Shekarata talatin da ɗaya, Kawu. Kai ka koya min duk abin da na iya, ba zan taɓa musun wannan ba, amma ba zan dawo aji ba.

Karan yana cikin ƙunshi daban, na zaɓa da kaina. A gaida Inna da Mama.

'Yarka,
Bilyana

Porto, 16 ga Janairu, 1994

Kawu,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kuna lafiya. Mu lafiya.

Wata biyu da kwana tara ban ji daga gare ka ba. Katin Kirsimeti ya zo, amma rubutun Inna ne daga sama har ƙasa, kai sunanka kawai ka sa. Na bugo wa Mama waya, ta ce lafiyarka ƙalau, wai ai na san halinka.

Ranar Laraba Asen, mai babban goge na ƙungiyarku, ya biyo ta nan a hanyarsa ta zuwa Lisbon neman aiki. Muka sha kofi. Cikin hira ya ce tun Disamba Baba Spas ne a kujera ta farko, kai kana ta biyu. Na ce me ya faru? Sai ya kama juya cokali a kofi, ya ce shi daga baya yake zama, ba ya ganin komai.

Sauke ka suka yi? Bayan shekara talatin da huɗu? In haka ne ka gaya min wanda ya yi, ina da mutanen da zan rubuta wa. In kuma maganata ce ta ɓata maka rai, ka zage ni a takarda. Zan fi gane zagi da wannan shirun.

Bilyana

Plovdiv, 9 ga Fabrairu, 1994

Bilyana,

Innarki ce Nevena. Ina gaishe ki da Duarte. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, mahaifiyarki lafiya, an yi dusar ƙanƙara kwana uku sannan ta narke ta bar mana taɓo. A wurin aiki nake rubuta miki, Kawunki bai sani ba. In ya sani zai yi fushi, to ya yi, na saba.

Ba wanda ya sauke shi. Leɓensa ne.

Tun bazarar bara abin ya fara. In ya riƙe sauti mai tsawo a hankali, sai leɓen sama ya kama rawa. Da farko ya ce laifin harshen kara ne. Ya zauna ya fere kara ya fi ɗari biyu, ina share ɓawon a ƙarƙashin tebur kullum. Sannan ya ce haƙori ne, ya je aka cire masa wanda ba ruwansa. A Satumba na ja shi Sofiya wurin likitan jijiya. Likitan ya ce ba ciwo ba ne mai kisa, ba zai yaɗu ba, amma bai san maganinsa ba. Ya ce, "Za ka ci abinci, za ka yi magana, za ka sumbaci matarka. Busa ce kawai." Kawunki ya ce, "Likita, da ka ɗauki sauran ukun ka bar min ita." A gabana ya faɗa. A jirgin ƙasa na tuna masa, ya ce wasa yake yi. Ba wasa yake yi ba.

Bayan dawowarmu ne ya rufe kansa ya gama kiɗan nan cikin sati uku, ya rubuta miki.

Ranar 10 ga Disamba zaure ya cika. Shugaban masu goge ya miƙe ya dube shi don ya ba da La, kamar yadda ya yi shekara talatin da huɗu. Sautin ya fito yana karkarwa kamar kukan akuya. Wani a baya ya yi dariya, ya zaci raha ce. Ya sake gwadawa, haka dai. Spas bai ko juya kai ba, ya ɗaga tasa ya ba da sautin. Ina zaune a sama, ina ganin kunnuwan Kawunki sun yi ja. Da aka tafi hutun rabin lokaci shi da kansa ya ce wa Spas su yi musanyar kujera. Spas ya ƙi, ya ce shi tun yana saurayi tsoron kujerar nan yake. Kawunki ya ce, "Zauna, tsohon banza, ba cizo take yi ba."

Spas yana da sauran shekara biyu kafin ritaya, ba inda za shi. Kujerar da Kawunki ya rubuta miki a kai tasa ce. Na ce masa, "Me ya hana ka rubuta ta farko? Kalma ɗaya ce." Ya ce in ya rubuta, za ki tambayi dalili.

Takardarki ta Nuwamba a tsaye ya karanta ta, bakin taga. Ya ninke ya sa a aljihu ya ce, "Tana da gaskiya a shafi na 19." Takardun shirin da kike aikowa kuwa, suna cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gado, in ban da biyu da ke wurin mai aski, don ya kai ya nuna aka ƙi dawo masa da su.

A makaranta ya daina busa wa ɗalibai. Yana barin obo a gida, ya ce musu tana wurin gyara. Wata huɗu ke nan tana wurin gyara. Jagora kuma duk sati sai ya tambaye shi wa zai busa kiɗan a Mayu, shi kuwa ya ce ana nan ana dubawa.

Ban rubuto don in ce ki dawo ba. Wannan tsakaninki da ranki ne. Na dai gaji da ganin mutum biyu masu taurin kai iri ɗaya suna fushi a kan abin da ba shi ne ba.

Innarki,
Nevena

Porto, 2 ga Maris, 1994

Kawu,

Ina gaishe ka, ina fata kun shiga Maris lafiya. Ga zaren ja da fari da muke ɗaurawa a farkon Maris na sa muku a ciki, naka da na Inna. Da kaina na murza, ba a sayar da shi a nan.

Inna ta gaya min komai. Kada ka yi mata faɗa, ni ya kamata a yi wa. Na ɗauko takardarka ta Oktoba na sake karantawa, ba inda ka ce kujera ta biyu. Ni na sa kalmar da kaina, don ita nake tsoro tun ina yarinya. Ka yafe min abin da na rubuta, da lokacin da na rubuta shi.

Sati biyu ina juya maganar. Duarte ya ce in na yanke shawarar komawa zai bi ni, malamin lissafi ko'ina zai sami allo. Saboda haka ba zan laɓe a bayansa ba. Ni ce ba zan zo gwajin Yuni ba.

Na san abin da kake ba ni. Ba ka da abin da ya fi shi. Amma in na zauna a kujerar nan, duk wanda ya saurare ni kai zai riƙa nema a cikin sautina, ni ma haka, har in tsufa. A nan ba wanda ya taɓa jin ka. Sai da na zo inda ba a san ka ba na gane wane ɓangare na busata naka ne, wane ne nawa. Kuma akwai yara tara da na fara da su daga yadda ake riƙe wuƙar fere kara. Ba na son wani ya ƙarasa min su.

Amma kiɗan Mayu, in ka yarda, ni zan busa. Na riga na nemi hutun kwana tara, an ba ni. Na kuma yi wani tunani: me zai hana ka ƙara obo ta biyu a kashi na tsakiya, a ƙasa, da gajerun sautuka waɗanda leɓe ba zai wahala ba? Sai mu tsaya tare.

Ka amsa min ko da layi biyu ne.

'Yarka,
Bilyana

Plovdiv, 24 ga Maris, 1994

Bilyana,

Muna lafiya. Zaren ya iso a makare, amma mun ɗaura. Kwana biyu ban yi wa Nevena magana ba, ta ce ba ta taɓa samun hutu irin wannan ba tun da muka yi aure.

Ki zo ranar 22 ga Mayu, gwaji huɗu za a yi. Na gaya wa jagora. Na gyara shafi na 19, na cire rabin gogen.

Obo ta biyu, a'a. Kiɗan na obo ɗaya ne. Na san da zuciya ɗaya kika faɗa, amma ban yi shekara goma sha ɗaya ina rubuta abu don in ɓata shi da tausayin kaina ba.

Maganar kujera na ji.

Kawunki

Plovdiv, 20 ga Yuni, 1994

Bilyana 'yata,

Ina fata kin isa lafiya kin huta, Duarte kuma cikinsa ya dawo daidai bayan abin da mahaifiyarki ta yi masa. Mu lafiya. Zafi ya shigo, Nevena ta koma kwana a baranda, gwiwa ta yi shiru.

Akwai bashin magana tsakaninmu. Bayan wasa kin same ni a bayan dandamali kika ce, "Yaya, Kawu?" Na ce harshen karan da kika zaɓa ya ɗan yi tauri. Kika yi dariya, amma na ga fuskarki. Har kika tafi ban gyara ba. A baki ba na iyawa, bari in gwada a takarda.

A layi na goma sha ɗaya na zauna. Shekara talatin da huɗu ina cikin ƙungiyar nan ban taɓa jin ta daga inda mutane ke zama ba. Kullum ina tsakiya, ƙaho a bayan kunnena, ina ƙirga inda zan shiga. Ban san haka take da daɗi ba. Da kika shiga kashi na biyu, sai na tarar ina numfashi tare da ke, ban sani ba. A dogon layin nan na ƙarshe numfashina ya ƙare, na ja wani, kina nan kina tafiya. Kuma ba yadda na ji shi a kaina kika busa ba. Inda na so a ƙara ƙarfi kin sassauta. Na ji haushi na ɗan lokaci, sannan na gane naki ya fi. Nevena ta ce na matse mata hannu har zobe ya yi mata shaida. Harshen ya yi tauri, gaskiya ne, amma ban taɓa jin an busa obo haka a zauren nan ba, har da ni.

An yi gwajin ɗaukan sabon mabushi ranar 14. Wani saurayi daga Ruse ya ci, ba ɗalibina ba ne. Ya iya, sai dai sautinsa siriri ne, ba irin namu ba. Ina cikin alƙalai, kuma na ba shi ƙuri'ata. Da na dawo gida ban ci abinci ba. Ba zan ce miki ban so a ce ke ce ba. Na so, har yanzu ina so. Amma na karanta takardarki ta Maris sau da yawa, ban sami inda zan ce kin yi kuskure ba.

Ranar Alhamis na kwashe kayana daga akwatin ajiya na zauren. Ba su da yawa: wuƙa biyu, zare, tsohuwar rigar sanyi. Spas ya raka ni har ƙofa yana ta fyace hanci, ya ce mura ce. Daga nan na wuce makaranta da obo a hannu, don ban biya gida ba.

Akwai wata ɗaliba, Radka, shekararta sha shida, tana da kunne amma tana da gardama. Sati uku muna fama da layin kiɗa ɗaya. Na yi bayani, na rera, na zana mata a allo, na buga tebur. Ranar ta ajiye tata a cinya ta ce, "Malam, ban gane ba. Ga taka an gyaro, ka busa min sau ɗaya mana." Sauran ɗalibai uku suna zaune a bayan aji suna jiran layinsu.

Na ce musu ba ta taɓa zuwa wurin gyara ba. Na gaya musu abin da ya sami leɓena, da abin da likita ya ce. Sannan na jiƙa harshen kara na busa.

Sautin ya yi rawa tun daga farko, ya fashe sau biyu, na ƙarshen ma bai fito ba. Na sauke ina jiran abin da zai biyo baya. Ba wanda ya dubi ƙasa. Radka ta ce, "Au, ashe ba a tsayawa a tsakiya, wucewa ake yi." Ta ɗaga tata ta busa, ya fito daidai.

Na ce ta sake, kada ya zama sa'a ce. Ta sake. Daga nan na kira na gaba.

Gobe ma da obo zan tafi makaranta. A gaida Duarte.

Kawunki,
Trifon